Tambaya da Amsa: In tsoma kwamfutata a man taransifoma don ta daina zafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Malam Madori a Jihar Jigawa, ina haɗa bidiyon biki da walima da na wa'azi. Kwamfutar tebur ce mai firosesa Intel i7-8700K, ta hannu na sayo ta a Kano. Na shiga BIOS, wurin saitin kwamfutar, na ƙara mata gudu zuwa 5.0 GHz, na ɗaga bolt zuwa 1.4. Da sanyi lafiya lau, amma tunda bazara ta shigo, da na fara fitar da bidiyo sai zafinta ya kai digiri 100, ta yi ta sarƙewa, wani lokaci ta mutu da aikin mutane a kai. Na ga Turawa a YouTube suna tsoma kwamfuta cikin akwatin gilashi cike da mai. Wani mai gyaran wuta ya ce zai samo min jarka ɗaya ta man taransifoma da araha, wai shi ne asalin man, lantarki ba ya bi ta cikinsa. Kwamfutar nan ce jarina gaba ɗaya, ina tsoron ta ƙone. In tsoma ta, ko in haɗa mata abin sanyaya na ruwa da radiyetan mota?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa wa sana'a albarka. Kwantar da hankalinka, firosesar ba za ta ƙone yau ko gobe don ta taɓa digiri 100 ba. Nan ne iyakar da Intel ta yanka mata, da ta kai sai ta rage gudu da kanta, sarƙewar da kake gani ke nan. Abin da ke cin ta a hankali shi ne bolt 1.4 haɗe da wannan zafin, kullum, awa da awanni. Amma jarkar nan kada ka karɓa, ko da kyauta ya ba ka.

Mu fara da inda zafin ya fito. Wutar da firosesa ke sha tana tashi daidai da gudu, amma a wajen bolt sau biyu take ninkawa da kanta. In ka tashi daga 1.2 zuwa 1.4, ka ƙara kusan kashi 36 cikin ɗari tun ba ka taɓa gudu ba. Ita 8700K, in duk kwakwalenta shida suna aiki, 4.3 GHz take yi daga masana'anta. Ka kai ta 5.0, wato ƙarin kashi 16. Haɗa biyun, za ka ga zafin ya ƙaru da sama da rabi, a kan ribar da ba ta wuce bidiyon awa ɗaya ya fita a minti hamsin da 'yan kai ba. Sannan masu bidiyon da kake kallo a ɗaki mai digiri 20 zuwa 22 suke. Kai kana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, iskar shagonka ta haura 40. Babu fanka, babu ruwa, babu man da zai sauko da firosesa ƙasa da zafin iskar ɗakin da take ciki, don haka ka fara tseren da bashin digiri 20 a wuya.

Yanzu maganar mai, wadda kusan kullum sai an kawo min ita, har na gaji da jin "ai asalin man ne".

Gaskiya ne ana tsoma kwamfuta a ruwan da ba ya ɗaukar lantarki. Babbar kwamfutar Cray-2 da ta fito a 1985 a cikin wani ruwa mai suna Fluorinert na kamfanin 3M ta yi aiki, kuma yau akwai manyan cibiyoyin adana bayanai da ke tsoma na'urorinsu a mai. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne, mai ba ya kashe zafi. Ɗan dako ne, ya ɗauka nan ya kai can, in babu wurin saukewa kayan na nan a kansa. Ɗauki jarkar lita 20, nauyin man kusan kilo 17. Kwamfutarka da katin hoto a lokacin fitar da bidiyo, mu ce tana shan wat 300. A lissafi, man zai riƙa ƙara digiri ɗaya duk bayan minti biyu ba kaɗan, wato sama da digiri 30 a awa guda in ba ka cire abin da ke fita ta jikin akwatin ba. Minti ashirin na farko za ka ga lambobi masu daɗi, ka ɗauki hoto ka tura wa abokai. Zuwa la'asar madabod ɗinka, babban allon da firosesa ke zaune a kai, na kwance cikin mai mai zafin da ba za ka iya sa hannu ba. Dole sai ka sa famfo da radiyeta da fanka su fitar da zafin, ka ga ka dawo gidan jiya, ga ƙarin ɗawainiya. Ruwa ma ya fi mai aiki nesa ba kusa ba: ya ninka shi fiye da sau biyu wajen riƙe zafi, sau huɗu da wani abu wajen wuce da shi, ga shi ba shi da kauri.

Wannan fa in sabon farin mai ne tatacce. Na jarkar mutuminka wani abu ne daban. Ka tambaye shi, daga ina? Sabon man taransifoma a duro yake zuwa, da hatimi da takarda, kamfanonin wuta da 'yan kwangila ke saye. Wanda ke yawo a jarka da araha, ko dai tsoho ne da aka juye wajen gyara, ko kuma an bi dare an kwance wata taransifoma an tsiyaye. Kai ɗan ƙauye ne, ka san abin da ke biyo baya: taransifomar da ba mai a ciki ta ƙone, gari ya yi wata da watanni cikin duhu, injin niƙa ya tsaya, mai sayar da ƙanƙara ya nade tabarmarsa, a dawo ana bin gida-gida ana karo-karo. Wanda ya saya yana da kaso a wannan alhakin, arahar farashin ma ta isa ta sa ka zargi abin.

Ko da halas ɗinsa ne, tsohon mai ya sha danshi, ya yi tsami, ya tara dauɗa, kuma da zarar danshi ya shige shi maganar "lantarki ba ya bi" ta fara warwarewa. Wani yana ɗauke da sinadarin farar wuta mai cin jan ƙarfe, alhali duk layukan madabod na jan ƙarfe ne. Mafi muni, tsofaffin taransifomomi da dama an cika su, ko an gurɓata mansu, da sinadarin da ake kira PCB. Amurka ta hana ƙera shi a 1979. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Najeriya ke ciki, ta sa shi a jerin gubobin da za a kawar, hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa yana jawo kansa. A Japan a 1968 ya shiga cikin man girki, mutane da yawa suka kamu da ciwon fata da na hanta, har jariran da aka haifa bayan nan bai bari ba. Yana shiga ta fata, ya zauna a kitsen jiki shekara da shekaru, in ya ƙone kuma hayaƙinsa ya fi shi guba. Ba kowane man taransifoma ke da shi ba, amma ido ba ya ganewa, hanci ba ya ganewa, sai ɗakin gwaji. Mai gyaran wutar da ya lakata da yatsa ya shinshina ya ce maka "wannan mai kyau ne" bai san abin da yake faɗa ba. Kai kuma za ka ajiye shi a buɗe, da ɗumi, a shagon da kake wuni, kana tsoma hannu kana ciro RAM, ka goge a riga, yara na leƙowa kallon bidiyo, a miƙo ƙosai ka ci. Haba!

Kada kuma wani ya ce to a sa man gyaɗa ko baƙin mai. Man gyaɗa zai yi ɗoyi ya daskare ya zama ƙaro a jikin komai. Baƙin mai na da sinadaran da aka zuba don injin mota, wanda aka juye kuwa cike yake da garin ƙarfe. Shi kansa farin man na gaskiya yana busar da robar wayoyi har ta tsage, yana narkar da man shafawar da ke tsakanin firosesa da hitsink (ƙarfen nan mai fikafikai da ke janye mata zafi), yana hawowa ta cikin wayar USB sai ka tarar da shi a kan tebur. HDD mai faifai, inda kake adana bidiyo, ba ya shiga ko kaɗan, don yana da ƙofar shan iska. Kayan da suka sha mai kuma babu mai sake saye a hannunka, ko a Farm Centre ko a Beirut Road a Kano.

Na ruwa da radiyetan mota ana yi, amma ban ba ka shawara ba a kan injin da kake ci da shi. Yawancin radiyetan motocin yanzu alminiyam ne, abin da ke zama kan firosesa kuma jan ƙarfe, in ruwa ɗaya ya ratsa su biyun sai alminiyam ya fara cinyewa, ya toshe hanya ko ya huje. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri, fiyawota ma ba tataccen ruwa ba ne. Sai dai ruwan da aka tace ta tururi, irin na batir wanda ba a sa wa asid ba, da maganin tsatsa. Kada ka jefa ƙanƙara a ciki, musamman da damina: tiyo zai yi gumi, ɗigo ɗaya ya isa. In ka nace sai na ruwa, sayi wanda aka rufe daga masana'anta, mai radiyeta milimita 240 ko 360, kuma ka sani famfonsa na mutuwa ba sallama.

Ni a ganina babban hitsink mai hasumiya biyu da fanka biyu ya fi dacewa da ƙauye, ba ya ɗiga, abin da zai lalace a jikinsa fanka ce kawai. Kafin ma ka kashe ko kwabo, yau ɗin nan ka koma BIOS ka sauko 4.7 GHz, ka fara da bolt 1.25, ka gwada da manhajar Cinebench mai ɗora wa firosesa aiki, kana duba zafinta a manhajar HWiNFO. In ta tsaya daram, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, in ta mutu ka ƙara kaɗan. Burinka ta zauna ƙasa da digiri 85 da tsakar rana. Cire hitsink ɗin ka haska tocila tsakanin fikafikansa, ƙurar hunturun da ya wuce za ka tarar ta yi dam kamar an lika. Ka hure da bulowa, ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa, ka goge tsohon man shafawa da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka janye ta daga jikin bango.

Ita 8700K tana da wani lahani nata na daban: Intel man shafawa ta sa tsakanin ƙwayar da murfinta maimakon dalma, shi ya sa zafi ke maƙalewa a ciki komai ka ɗora a sama, ko ka tsoma ta a mai. Masu ɓare murfin suna samun sauƙi sosai, amma kuskure kaɗan firosesar ta tafi, don haka bar wannan sai ranar da kake da ta biyu.

Mutuwar da take yi gaba ɗaya kuma, in ta ci gaba bayan ka sauke gudu, ka duba fawafak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kayan cikinta wuta, da kuma wutar da janareto ko inbata ke ba ta. Manyan ayyuka ka jera su ka bar ta tana fitarwa bayan isha'i ko da asuba, in batirinka zai ɗauka. Ka gwada mako guda, ka turo min lambobin HWiNFO na rana da na dare, da sunan fawafak ɗin da wat ɗinsa.