Amsa: Amfilifaya ta LM386 tana ƙugi da tsuwa

Malam, ka ce da ka ƙara murya sai lasifika ta kama tsuwa. Galibi laifin haɗin wuta ne. Sa kafasita 0.1µF da 100µF tsakanin ƙafa ta 6 da ta 4, dab da IC ɗin (wato LM386, ɗan guntun na'urar da ke ƙara sauti), don doguwar waya na kwaso hayaniya. Daga ƙafa ta 5 zuwa nagetif jera rizista 10Ω da kafasita 0.047µF, sannan kafasita 220µF tsakanin ƙafa ta 5 da lasifika mai 8Ω.

Idan ka sa kafasita 10µF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ƙarfin ƙara sautin ya tashi daga ninki 20 zuwa 200. Cire ta ka gwada. Kar wutar ta wuce 12V a LM386N-1. In daga taransifoma kake ɗaukowa, bar wa ƙwararren mai gyara ɓangaren wutar gida mai 230V.