Da gaske akwai gizo-gizo mai shan jinin mutum?

Tambaya: Malam, an turo mini saƙo a WhatsApp wai akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da ke shan jinin mutane. Ina ganin irinsa a bangon ɗakin yara, kuma shekaranjiya autata ta tashi da ƙuraje masu ruwa a wuya. Maƙwabciyata ta ce fitsarin tautau ne. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Wanda ake yayatawa sunansa Evarcha culicivora, kuma a kewayen Tafkin Biktoriya yake, a Kenya da Yuganda. A 2003 aka yi masa suna, tsawonsa kusan milimita 5 ne. Jini kam yana so, amma bakinsa ba zai huda fatar mutum ba. Macen sauro da ta sha ta ƙoshi yake farauta. Ƙananansu har sukan gane sauron cizon maleriya daga yadda yake ɗaga gindi sama in ya sauka. Warin safar da aka kwana da ita ma yana jawo shi, don nan sauro ke taruwa. Na bangonki ɗan'uwansa ne na nesa, ƙuda da sauro yake ci. Ƙyale shi.

Maganar fitsarin tautau ce ta dame ni, don na gaji da jin ta. Duk ƙurjin da aka rasa dalilinsa sai a ɗora wa gizo, ba wanda ya gan shi ya yi. Sau da yawa wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, da hasken fitila ke jawowa da damina. Ba ya cizo. In yaro ya murje shi cikin barci, ruwan jikinsa ke ƙona fata, ya bar zane kamar an ja layi. Wani lokacin kuma ƙwayoyin cuta ne, masu buƙatar magani. Amma sai ki ga an shafa toka, ko kalanzir, ko baƙin garin batir, wai mai magani a bakin kasuwa ya ce. Ciwon da sabulu da ruwa za su sauƙaƙa tun farko sai ya zama gyambo, a zo asibiti bayan sati biyu ana cewa tautau ne mai dafi!

Ki wanke wurin da sabulu, kada ki fasa ƙurajen, kada ta sosa ta taɓa ido. In akwai zazzaɓi, mugunya, ko jan yana yaɗuwa, ki kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Gidan sauro kuma kada a cire.