Wane abu ne ya fi sauya tarihin duniya?

Ƙanena, ka tambaya wane abu ko wane mutum ne ya fi juya akalar duniya, wai gardama ta kaure a majalisarku ta Ƙofar Mata. To, in aka ajiye Annabawa gefe, don su ba a haɗa su da kowa, ni takarda zan zaɓa.

Wajen shekara ta 105 wani ma'aikacin fadar Sin, Cai Lun, ya kyautata yin ta da ɓawon itace da tsummoki. A ƙarni na 8 sana'ar ta iso Samarƙand, daga nan Bagadaza, inda Al-Khawarizmi ya rubuta lissafin aljabara da har gobe yake wahalar da 'yan sakandare. Sai wajen 1450 Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i a Mainz ta Jamus, littafin da marubuci kan shafe watanni yana kwafa ya koma ana buga ɗaruruwansa. Kakana yana da wani tsohon kundi cikin gafaka, takardar ta yi ja, gefenta duk gara ta ci, amma ko almajiransa ba ya bari su taɓa sai da alwala.

Masu cewa Mansa Musa, sarkin daular Mali, fa? Hajjinsa na 1324 ya karya darajar zinariya a Alƙahira, gaskiya ne, amma bai sauya duniya kamar takarda ba.

Wanda ya taɓa mu kai tsaye shi ne taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka. Ba a cika shekara 20 ba, a 1903, sojojin Ingila suka ci Kano. Ka leƙa Gidan Makama wata ran, akwai tsofaffin hotunan zamanin.