Amsar Baffa kan karatun lauya a Ingila

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce wata jami'a a Ingila ta ba ki gurbin karatun lauya, kina tambaya ko gaskiya ne shekara 3 kawai za ki yi ki dawo ki sa hular gashi da baƙar riga. Kin kuma tambayi al'adar nan ta cin abincin dare da aka ce dole ce, ko za ta taɓa miki addini.

Shekara 3 ɗin gaskiya ne, a gida kuwa 5 ake yi. Amma digiri shi kaɗai ba ya mai da mutum lauya, ko can ko nan. A wannan sana'a kiran mutum ake yi, sai manyanta sun shaida ya cancanta. Wanda ya yi karatu a waje, in yana son tsayawa gaban alƙali a Najeriya, sai ya shiga Makarantar Horas da Lauyoyi mai hedikwata a Bwari da ke Abuja, ya fara da zangon da suke kira Bar Part I, sannan ya haɗu da 'yan gida a Bar Part II.

Ga inda yara da yawa ke yin tuntuɓe, ki buɗe kunne. Darussan dole a Ingila sun haɗa da dokar kwangila, da ta ɓarna da diyya, da ta laifuka, da ta filaye, da ta amana, da tsarin mulki. Dokar shaida da dokar kasuwanci kuwa zaɓi ne a yawancin jami'o'insu, wanda ya ga dama ya ɗauka. Hukumar ilimin lauyoyi ta Najeriya kuma tana neman su a takardar sakamakonki. Yaro sai ya zaɓi abin da abokansa suka zaɓa, ya dawo da sakamako mai kyau, a ce masa da sauransa. Tun shekara ta biyu ki sa biyun nan cikin zaɓinki. Kada kuma ki yarda a mai da ke karatun nesa ta intanet don sauƙin kuɗi, ita hukumar karatun zama a aji kawai ta sani.

Kada ki raina zangon farkon nan. A Landan ba wanda zai koya miki Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, ko ya nuna miki cewa kundin laifuka na Arewa daban yake da na Kudu. Rabon gado da aure da saki a mazhabar Malikiyya, waɗanda su ne mutanenmu za su fi kawo miki, 'yan jami'o'in Zariya da Bayero a aji suke karanta su, ke kuwa sai kin nemi malami da kanki. Ki fara tun lokacin hutu.

Batun abinci, asalinsa daga ƙungiyoyin lauyoyi huɗu na Landan ne: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. Ana zaunar da ɗalibi tebur ɗaya da alƙalai da tsofaffin lauyoyi, ya ga yadda ake magana da manya, su ma su ga tarbiyyarsa. Ba zai shafe ki a can ba sai in kina son a kira ki barista a Ingila. A gida dai zaman cin abincin uku ne kafin a kira mutum lauya, ana shiga cikin baƙi da fari, mai latti a waje yake tsayawa. A can ana ajiye giya a tebur, amma ba a tilasta wa kowa. Ki nemi ruwa ko lemo, ki rubuta tun wajen rajista cewa kifi ko ganye kike ci.

Hijabi kuma an riga an sha gwagwarmayarsa. A Disamban 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren kira saboda ta ƙi cire nata, a Yulin 2018 aka kira ta da shi a ƙarƙashin hular. Ba wanda zai ce ki tuɓe.

Ki gaya wa babanki kuɗin da za a nuna wajen neman biza sai sun kwana 28 a jere cikin asusu ba tare da sun ragu ba, ko na yini ɗaya. Kada ya dogara da aikin da za ki yi can, awa 20 kawai aka yarda a mako lokacin karatu. Kafin ya biya kuɗin ajiye gurbi, ki turo mini jerin darussan jami'ar na shekara ukun in duba.

Ki gaishe da mamanki.

Baffanki