Fom ɗin zuwa Amurka na riyal 1,500

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Kano ne, ina aikin tafinta a wani asibiti a Jidda. Wani ya turo saƙo a zaurenmu na WhatsApp cewa Amurka na ɗaukar ma'aikata zuwa shirin IVLP, horo kan shugabanci da haƙƙin masu neman jinsi, fom riyal 1,500. Wai suna ne kawai, da ka sauka sai ka yi zamanka. A gida na yi aikin sa-kai da masu ɗauke da ƙanjamau, ban taɓa tambayar majinyaci da wa yake kwana ba, shi ya sa batun bai firgita ni ba. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka. IVLP ba shi da fom, ba a nemansa, balle a sayar. Shiri ne na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, tushensa tun 1940, kuma ma'aikatan ofishin jakadanci ne ke zaɓo mutum bayan sun ga aikinsa da idonsu. Margaret Thatcher, wadda daga baya ta zama Firaministar Birtaniya, ta je a 1967 tana 'yar majalisa. Amurka ce ke biyan jirgi da masauki. Duk wanda ya ce ka kawo riyal, hannunsa yake son zurawa a aljihunka.

Shirin kuwa ba suna ne kawai ba. Ziyara ce da ba ta wuce mako uku, yawanci a fara daga Washinton a zaga wasu birane. An taɓa yin zagaye a kan batun haƙƙin masu neman jinsi, inda baƙi ke zama da lauyoyi da likitoci da shugabannin ƙungiyoyi, a nuna musu yadda aka taso daga tarzomar Stonewall ta 1969 a Niyok, lokacin da masu neman jinsi suka yi wa 'yan sanda bore, zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 2015 kan auren jinsi, da na 2020 da ya hana a kori ma'aikaci saboda neman jinsi. Mai aikin lafiya irinka zai ƙaru da yadda ake kare sirrin majinyaci, da yadda ƙaramar ƙungiya ke neman tallafi. Sai dai gwamnatin da ta hau a Janairun 2025 ta juya wa irin waɗannan batutuwa baya, abin da ya ƙara sa ni shakkar saƙon nan.

"Ka yi zamanka" ɗin ma ƙarya ce. Bizar J-1 ta baƙin shirye-shiryen musaya ake bayarwa, kuma wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa doka ta ɗora masa komawa gida na shekara biyu kafin ya nemi izinin zama.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kake. Da iƙama kake zaune, fitarka sai da bizar fita da dawowa. Saudiyya na hukunta neman jinsi, kuma dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar ga wanda ya yaɗa abin da aka ɗauka ya saɓa wa tarbiyyar jama'a. Ka ga ke nan ko tura saƙon zuwa wani zaure ba wasa ba ne. A Najeriya kuma, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa ƙungiyar masu neman jinsi. Ɗan damfarar da ya karɓi hoton fasfonka da na iƙamarka a kan fom mai wannan take ya samu igiyar da zai riƙa janka da ita, yau ɗari biyar, gobe dubu. Irin wannan tatsa ita ce ta fi cin mutane, su kuma ba bakin kai ƙara.

Yadda ka riƙi majinyatanka ya burge ni, kada ka sauya. In horon shugabanci kake so, bincika ko har yanzu ana yin Mandela Washington Fellowship, shirin Amurka na horar da matasan Afirka: an fara shi a 2014, na 'yan shekara 25 zuwa 35, mako shida, nemansa kyauta ne. Sharaɗinsa ka kasance mazaunin Afirka, don haka sai ka koma Kano. Kafin nan goge saƙon, ka kuma gaya wa mai kula da zauren ya cire wanda ya turo shi.