Jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwar birin kafucin: iri ɗaya ne da na mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu ta karatun likita a nan Maradi. Ina cikin neman zanen jijiyoyin da ke fitar da jini daga ƙwaƙwalwa a intanet, sai na yi ta cin karo da binciken da aka yi a kan wani biri wai shi kafucin. Shin tsarinsa ɗaya ne da na mutum, har in iya shirin jarrabawa da shi? Kuma me ya sa ake wahalar da kai a kan birin da ko a dajinmu babu shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu. A cikin ƙoƙon kai tsarin kusan ɗaya ne, amma ƙofofin da jinin ke fita ta nan sun bambanta, kuma a nan ne za ka iya faɗuwa jarrabawa in ka dogara da zanen biri.

Kafucin ɗan ƙaramin biri ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, nauyinsa bai cika wuce kilo 3 zuwa 4 ba, ƙwaƙwalwarsa kuwa wajen giram 70, alhali ta baligin mutum tana kai giram 1,300 zuwa 1,400. Zuriyarsa ta rabu da ta biran Afirka da mutum kimanin shekara miliyan 40 da suka wuce. Ke nan jan birin da ke ɓarnar gero a gonakinmu ya fi shi kusanci da mu a tsarin jiki.

Ƙwaƙwalwa a lulluɓe take da tantani uku. Na wajen, mai kauri da tauri, shi ake kira dura, kuma ninki biyu ne. A wasu wurare ninkin biyun kan rabu su bar sarari a tsakaninsu, jini ya riƙa bi ta ciki. Waɗannan su ne magudanan dura, waɗanda littattafanku ke kira sinus. Jijiyar hannu kamar tiyon roba take, in ka danne ta sai ta lotsa. Magudanar dura kuwa kamar lambatun da aka gina da siminti ce, bangonta a ɗame yake, ba ta lotsawa. Ba ta da tsoka a bango, ba ta kuma da ƴan marafen nan da ke hana jini komawa baya, don haka jini yana iya juyawa duk inda matsi ya fi sauƙi.

A mutum da kafucin duka, babbar magudana tana tasowa daga wajen goshi, ta bi tsakiyar kai ta sama har ƙeya, tana karɓar jinin ƙananan jijiyoyin saman ƙwaƙwalwa daga dama da hagu. Jinin can cikin ƙwaƙwalwa kuma yana taruwa a babbar jijiyar Galen, ya shiga miƙaƙƙiyar magudana, ita ma ta nufi ƙeya. Mahaɗarsu tana ɗauke da sunan Herofilus, likitan Iskandariya da ya yi aikin fiɗar gawa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga mahaɗar sai magudanai biyu su rabu, ɗaya dama ɗaya hagu, su bi ta gefen ƙeya zuwa bayan kunne. A mafi yawan mutane ta dama ta fi ta hagu girma. Akwai kuma wata mai ɗakuna-ɗakuna a gindin ƙoƙon kai, can bayan idanu, a kowane gefe. Har zuwa nan, zanen biri ba zai ɓatar da kai ba.

Daga bayan kunne ne labari ke sauyawa. A jikin mutum magudanar kan lanƙwasa ta gangara, ta fita ta wata kafa a gindin ƙoƙon kai, ta zama jijiyar wuya ta ciki, wato jugula ta ciki. Ita ce babbar hanya idan mutum yana kwance. Idan ya miƙe tsaye sai ta lotsa, kaso mai yawa na jinin ya koma bin ragar jijiyoyin da ke kewaye da ƙashin wuya da na baya. Amma akwai wata tsohuwar hanya ta daban: magudana ce da ke ballewa ta yi gaba a cikin ƙashin gefen kai, ta fito ta wata ƴar kafa da ke daidai bayan gaɓar muƙamuƙi, gaban kunne, ta zuba a jugula ta waje. Ɗan tayin mutum yana da ita, sai dai galibi takan shafe yayin da yake girma, ƙalilan ne ke riƙe ta har girmansu. A birai da yawa na Kudancin Amurka, har da kafucin, wannan hanya tana nan tare da jugula ta ciki. Kare kuwa da ita ya fi dogara, jugularsa ta ciki siririya ce. A akuya da tunkiya ma galibi babu jugula ta cikin sam, wadda likitan dabbobi ke soka wa allura a wuya ita ce ta waje.

Idan kana son ka ga dura da idonka, ba sai ka jira biri ba. Je wajen mahauci ka sayi kan jar akuyarmu ta Maradi kafin a babbake shi, ka roƙe shi ya zare maka saman ƙoƙon a hankali da zarto maimakon ya sare shi biyu da gatari. Za ka tarar da farin tantani mai sheƙi manne da ƙashi, sai ka sa ƙarfi kafin ya ɓanɓaru. Bi tsakiyarsa da yatsa, za ka ji wani layi mai kauri; tsaga shi da reza, ga kwararo nan da ragowar baƙin jini a ciki. Ka ɗaga ƙwaƙwalwar a hankali ka duba gindinta, za ka ga wani curin ƙananan jijiyoyi a cukurkuɗe kamar soso. Wannan ragar tana kwance cikin magudanar bayan ido, inda jini mai sanyi da ya dawo daga hanci ke rage zafin jinin da zai shiga ƙwaƙwalwa. Wannan na taimaka wa akuya wajen jure ranar watan Afrilu. Mutum ba shi da ita, kafucin ma haka.

Wannan ragar ce ta yaudari Galen, wanda malaman ɗibbu suka sani da Jalinusu. A ƙarni na 2 ya yi aiki, a zamanin da aka daina fiɗar gawar mutum, sai ya fede shanu da tumaki da birai, ya rubuta cewa mutum ma yana da ita. An yi ta koyar da hakan fiye da shekara dubu, har likitocin Italiya na ƙarni na 16 suka duba gawar mutum ba su same ta ba, Besaliyus, masanin tsarin jikin mutum, kuma ya ƙaryata ta a littafinsa na 1543. Shi ya sa ba na son ɗalibi ya haddace zanen dabba da sunan mutum, komai kyan zanen.

Batun me ya sa ake binciken kuwa, dalilan a fili suke. A Barazil kafucin na cikin biran da aka fi samu a cibiyoyin bincike da gidajen namun daji, kuma duk wanda zai yi masa tiyata ko ya ɗauki hoton kansa dole ya san inda jini ke bi, don tsaga magudanar dura kan jawo zubar jini mai wuyar tsayarwa. Ƙwaƙwalwarsa babba ce in aka gwada da jikinsa, kuma biri ne mai dabara, a dajin Sera da Kapibara an gano duwatsun da kakanninsa suka yi fasa ƴaƴan itace da su tun kusan shekara 3,000. Masu nazarin tsoffin ƙasusuwa su ma suna buƙatarsa, domin magudanan nan kan bar sawunsu a cikin ƙoƙon kai, kuma ba a iya karanta sawun sai an san yadda abin yake a dabba mai rai. Yadda ake aikin shi ne a ɗura ruwan roba mai launi a jijiyoyin gawar birin, a bari ya daskare, sannan a fede a bi launin.

Don jarrabawarka, riƙe littafin jikin mutum, ka fi mai da hankali ga abin da za ka tarar a asibiti: gudan jini da ke toshe waɗannan magudanai, musamman ga mai jego, ko yaron da gudawa ta tsotse wa ruwan jiki, ko wanda ciwon kunne ko sanƙarau ya ci ƙarfinsa. In kuma ka koma kan takardun birin, kada sunaye su rikita ka. Tsofaffin takardu suna cewa Cebus apella, amma daga wajen 2012 aka ware biran kafucin masu tukku da ƙaƙƙarfan muƙamuƙi aka sa su a jinsin Sapajus, don haka Sapajus apella da za ka gani a sababbin takardu shi ne dai birin nan.