Tsabar zinare ta farko: amsa ga ɗan'uwa da ke Ingila

Wani ɗan'uwa da ke aikin jinya a Ingila ya rubuto cewa ya ɗan tara abin da ya tara, kuma ransa ya biya ga tara tsabar zinare. Ya ga tallar wata tsaba ta tunawa da naɗin Sarki Charles, an ce kaɗan aka buga, ana kuma biya wata-wata. Yana tambaya ko ya saya, in ba ita ba wacce, da kuma ko zai iya tafiya da ita in zai je ganin gida. A ƙarshen saƙon ya ambaci cewa yana shirin nema wa maiɗakinsa biza.

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa nema albarka. Da maganar ƙarshen zan fara, domin ita ta fi tsaya mini a rai. Duk inda Home Office, ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya mai ba da biza, ta nemi shaidar kuɗi, kuɗin da ke kwance a asusun banki take nufi: kwana 28 a jere ga mai bizar aiki da ke kawo iyalinsa, wata 6 ga mai dogaro da ajiya a bizar iyali. Zinaren da ke cikin akwatinka ba ya shiga wannan lissafi, komai yawansa. Ka ware kuɗin takardu tukuna, har da na tikiti da abin da kake aikawa gida. Da abin da ya yi saura ne za ka shiga kasuwar zinare.

Ita kuwa wannan tsaba ta talla, ka bar ta. Duk tsabar zinare farashi biyu ne a cikinta, kuɗin zinaren kansa da kuma ƙarin da ake ɗorawa saboda ƙarancinta ko tsufanta ko kyan bugunta. Na farko kowa zai iya lissafawa, kuma ko'ina a duniya za a biya ka shi. Na biyu sai ka sami wanda yake sha'awarta kamar yadda ka yi. Irin tsabobin da ake tallatawa da akwati mai kyau da takardar shaida, galibi ƙarin ne ya fi yawa a farashinsu. Wasu rabin giram ne kacal, wasu ma ruwan zinare aka shafa wa wani ƙarfe, da yawa kuma da sunan wasu ƙananan tsibirai ake buga su. Ranar da ka kai wa dillali, sikeli zai ɗora ta, ya biya ka nauyin zinaren, akwatin ya miƙo maka abinka.

Akwai kuma maganar biya wata-wata. Hadisin Ubada bn Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shar'anta hannu da hannu a cinikin zinare, kuma malamai sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. Ka biya gaba ɗaya, tsabar ta zama taka a take.

Ni abin da nake ba duk mai farawa a Ingila shawara shi ne Sovereign, tsabar zinaren Birtaniya, ta gama-gari, wadda ake sayarwa kusa da kuɗin zinarenta. Tun 1817 ake buga ta a siffar da aka sani yanzu. Nauyinta giram 7.98, karat 22 ce, zinare tsantsa a cikinta giram 7.32, faɗinta milimita 22.05. Ka riƙe waɗannan alƙaluma a ka, su ne makaminka. Kafin ka saya, ka duba farashin giram na zinare a ranar, wanda ake yankewa a Landan sau biyu kowace ranar aiki, ka ninka shi da 7.32. A ce, don misali kawai, giram ɗaya fam 100 ne. Zinaren cikin tsabar ya kama fam 732 ke nan, duk abin da ya hau kan haka ƙari ne. Ka kwatanta wannan ƙari a wurin dillalai uku, sannan ka tambayi kowannensu nawa zai saya daga hannunka yau in kai ne mai sayarwa. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asarar da ka ɗauka tun daga ƙofar shago. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma a wannan harka nagari shi ne wanda tazararsa ƙarama ce.

Dokar haraji ma tana bayanta. Tun shekarar 2000 ba a ɗora VAT a kan zinaren jari a Birtaniya. Sovereign da aka buga daga 1837 zuwa yau, da Britannia, wata tsabar zinaren Birtaniya, kuɗin ƙasa ne a doka, don haka ba a biyan harajin ribar kadara in ka sayar da su ka ci riba. Krugerrand ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 1967, da Maple Leaf ta Kanada ta 1979, da Eagle ta Amurka ta 1986, duk tsabobi ne na ƙwarai da ake karɓa a ko'ina, amma wannan rangwame bai shafe su ba. Manyansu kuma oza guda ne na zinare, giram 31.1, ya zarce Sovereign huɗu. Ga mai albashi wannan kaya ne mai nauyi a karon farko, kuma in buƙata ta taso ba ka iya gutsure ɓangare ka sayar.

Kada ka ɗauka don ta gama-gari ce babu daɗin tarawa a cikinta. Ranar da na fara riƙe Sovereign na yi mamakin ƙanƙantarta, sai kuma nauyin da ta yi a tafin hannu ya ba ni wani mamakin. Ka sa madubin ƙara girma a bayanta, inda Benedetto Pistrucci ya zana mahayin doki yana sukar dodo. Kusa da shekarar za ka ga haruffan sunansa, B.P. A ƙasan da dokin ke takawa kuma, sama da shekarar, wani lokaci akwai ɗan harafi kamar ƙwayar gero: S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, C na Ottawa a Kanada, SA na Pretoria, I na Indiya, inda aka buga a Bombay a 1918. In babu harafi, galibi bugun Birtaniya ce. Mutum zai iya shekara goma yana haɗa waɗannan, ko ya bi fuskokin sarauta daga Victoria zuwa Edward na Bakwai, George na Biyar, Elizabeth ta Biyu, har Charles, yawancinsu ba tare da ya yi nisa da kuɗin zinare ba. A nan ido ke buɗewa. Waɗanda ƙarancinsu na gaske ne suna nan, kamar Sovereign ta Edward na Takwas ta 1937 da aka sayar fam miliyan ɗaya a 2020, amma wannan fage na waɗanda suka daɗe ne. In wata rana ka kai ga sayen mai tsada, ka nemi wadda NGC ko PCGS, kamfanonin tantance tsabobi, suka tantance suka rufe cikin roba, da makinta a ma'aunin 1 zuwa 70, ka kuma duba lambarta a rumbunsu.

Wurin saye: Royal Mint, masana'antar buga tsabar kuɗin Birtaniya da ke Llantrisant a Wales, tana sayarwa kai tsaye, ko dillalin da ke cikin ƙungiyar dillalan tsabobi ta Birtaniya, wato BNTA, ko sanannen mai cinikin zinare da ke da shago da adireshi. Ka guji wanda ya tare ka a Facebook ko WhatsApp da farashi ƙasa da kuɗin zinare. Babu mai sayar da zinare ƙasa da abin da kowane shago zai ba shi nan take sai da dalili. Ka sani kuma cewa damar nan ta mayar da kayan intanet cikin kwana 14 ba ta aiki a kan kayan da farashinsu ke bin hawa da saukar kasuwa, zinare kuwa yana ciki.

Tana isowa, ka ɗora ta a ƙaramin sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ka auna faɗinta, ka kusantar da maganaɗisu, domin zinare ba ya kamuwa. Tsohuwa takan ɗan rage kaɗan saboda gogar hannu, amma ba ta ƙaruwa. Ka duba gefenta da kyau, don da yawa an taɓa sa su a zobe ko sarƙa, tabon liƙin yana nan, irin wannan kuma ba ta wuce kuɗin nauyinta. Ka riƙe ta ta gefe. Kada ka goge ta da komai, ko da tsumma mai laushi, domin masu tarawa suna gane gogaggiya nan da nan su karya farashinta.

Rasit ɗin ka adana shi tare da fasfo da takardun zama, ka ɗauki hotonsa. Shi ne hujjarka wajen sayarwa, wajen inshora, da kuma a filin jirgi. In gidan haya kuke zaune da wasu, ka yi shiru da bakinka, amma maiɗakinka ta san inda take da yadda aka saye ta, saboda halin rai.

Tafiya da ita ba laifi ba ne. Ka sa ta a jakar hannu da rasit, kada ta shiga kayan da ake aunawa. In za ka shiga ko fita daga Tarayyar Turai, tun Yunin 2021 tsabar da zinarenta ya kai kashi 90 cikin ɗari tana cikin abin da ake lissafawa da kuɗi, kuma in jimilla ta kai yuro 10,000 dole a bayyana wa kwastan. Ƙasar da za ka sauka ma tana da nata ƙa'idar, ka nema a wurin hukumar kwastan ɗinta kafin ranar tafiya.

Saura zakka. Nisabin zinare miskali 20 ne, kimanin giram 85, wato sai Sovereign sun kai 12 kafin su cika shi su kaɗai. Amma ana haɗa ƙimarsu da kuɗin da ke ajiye a banki, in jimillar ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Ka rubuta ranar da ka saya a bayan rasit ɗin, da kwanan watan Musulunci.